Kyamarar Hagu

Duk wanda ya taɓa karatu a jami'ar nan, ko da zango ɗaya ya yi aka sallame shi, ya san yadda ake gaida Mai Hoto. Ba a ce masa ina kwana. In ka hango shi tafe, jaka a kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar dama, sai ka ɗaga hannu ka ce, "Mai Hoto, akwai fim?" Shi kuma ya yi ɗan murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka," ya wuce. Ɗalibai sun gaji gaisuwar nan daga na gabansu, sabbin malamai sun koya a wurin ɗalibai, har jikokinsa da ba su taɓa ganin fim da idonsu ba, in sun so tsokanar kakansu da ita suke farawa.

Asalin maganar ya haura shekara talatin. A jami'ar, in an gama raba takardun shaida ranar yaye ɗalibai, sai a jera 'yan ajin shekarar a kan matakalar babban zauren taro a yi musu hoto guda, a rataye a bangon zauren kusa da na waɗanda suka riga su. Lokacin Mai Hoto saurayi ne mai ji da kansa, bai daɗe da gadon aikin a hannun maigidansa ba. Ya kuwa sha fama da su: dogaye ku koma baya, gajeru ku dawo gaba, kai gyara hularka, ke daina dariya, ranka ya daɗe shugaba a ɗan matsa. Rana ta buɗe, gumi yana bin mutane cikin baƙaƙen rigunan nan masu nauyi. Ya danna, walƙiyar kyamara ta haska. Ya ce a ƙara ɗaya saboda masu ƙifta ido, ya sake dannawa. Aka yi tafi, aka cilla huluna sama, kowa ya kama gabansa. Sai da filin ya yi wayam ya zo naɗe fim, ya ji abin murɗawa yana juyawa sakayau, ba ya jan komai. Ya buɗe bayan kyamarar. Iska ce kawai a ciki.

Da 'yan ajin nan sun tashi mutane irina da irinka, da maganar ta mutu tuntuni. Sai Allah ya yi ikonsa, ajin da ba shi da hoto shi ya fitar da manyan da jami'ar take tinƙaho da su. Wani dogo mai surutu da ya tsaya a layin baya yana yi wa na gabansa ƙaho da yatsu, shi ne yau Minista. Wani ya shugabanci majalisar dokoki, wata ta zama jakadiya, wani likita ne da ake tasowa daga ƙasashe a zo ya duba zuciya. Sai kuma Farfesa, wadda ta gano maganin cutar nan da ke busar da amfanin gona tun yana tsaye, matar da manoma suke sa wa 'ya'yansu sunanta. Azuzuwan da hotunansu suka fito tas, kowane haƙori ana gani, yawancinsu suna can suna jiran fansho. A bangon zauren kuwa, tsakanin hoton ajin da ya gabata da na wanda ya biyo, ƙusa ce kawai a kafe. Duk baƙon da aka zagaya da shi sai ya tambayi ƙusar nan, a ba shi labari, a kuma nuna masa Mai Hoto in yana kusa.

Har camfi ɗalibai suka mayar da abin. Gab da jarrabawa sai ka ga sun cika shagonsa, wani ɗan ɗaki bayan ɗakin karatu, da shuɗin labule da kujera mai ƙafa ɗaya gajeriya, suna roƙo: "Don Allah ka ɗauke mu ba fim, ko ma zama ministoci." Shi kuma tsoro ya shige shi, har a shekarar da ta biyo bayan wancan kuskure, ana tsakiyar ɗaukar 'yan ƙwallo, zuciyarsa ta ce masa anya kuwa, ya buɗe bayan kyamara don ya tabbatar. Fim yana nan. Haske ya shiga ya ƙone shi ƙurmus.

Wannan duk kowa ya sani, kuma Mai Hoto yana taya mutane dariya. Abin da ba wanda ya taɓa tambaya shi ne, yaya aka yi mutumin da ya iya aikinsa ya tsaya gaban shugaban jami'a da kyamarar da ba komai a cikinta?

Amsar tana cikin wata dabara da ya koya a wurin maigidansa. A zamanin fim tsada gare shi, kuma sai an wanke hoto ake zuwa karɓa. Ranar taro kowa yana so a ɗauke shi, amma ba kowa ke dawowa ba. Don haka maigidan ya koya masa rataya kyamara biyu, ta dama da fim, ta hagu babu. In wanda ka ga alamar zai dawo ne ya kira ka, ka ɗaga ta dama. In wanda ka ga ba zai dawo ba ne, kada ka ce a'a ka ɓata masa rai a ranar farin cikinsa. Ka ɗaga ta hagu, ka haska masa walƙiya, ya tafi yana murna. Da Mai Hoto ya tambaya ta yaya zai gane, sai maigidan ya ce masa kada ya kalli riga, don ranar taro rabin rigunan na aro ne. Takalmi zai kalla.

Ranar nan, ana dab da jera aji, sai wani tsoho ya riƙo hannun rigarsa. Siriri ne, cikin wata kwat da ta yi masa yawa, baƙin mai ya zauna a gefen faratansa irin na masu gyaran keke, wanda ko sabulu ya haƙura da shi. Bayansa 'yarsa ce cikin rigar yaye, duk kunya ta ishe ta.

"Samari, ka ɗauke ni da 'yar nan," in ji tsohon. "Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin hoto ba. Na ce in dai zan yi, to yau ne."

Mai Hoto ya saukar da ido. Takalman roba ne, an ɗinke ɗaya da waya. Hannunsa da kansa ya tafi hagu. Ya tsayar da su a gindin wata bishiya, ya gyara musu tsayuwa kamar gaske, ya haska su. Tsohon ya riƙe masa hannu da hannu biyu yana ta godiya, bai ma sake shi ba aka fara ƙwala kira daga matakala cewa shugaba yana jira. Ya ruga da gudu, kyamarar tana hannunsa. Ta hagu.

To, ga yadda ajin manya ya rasa hoto. Amma ba nan abin ya fi ci masa rai ba. Da la'asar, bayan ya gano ɓarnar da ya yi, ya fito zai tafi gida jiki a sanyaye, sai ga tsohon da 'yarsa zaune a bakin ƙofar jami'a suna jiran mota. Rana ba ta faɗi ba, haske ya yi laushi, irin wanda masu hoto suke so. Kyamarar dama tana wuyansa, fim cike. Da ya ce, "Baba, taso mu ƙara ɗaya," ba wanda zai tambaye shi dalili. Tsohon ya hango shi, ya ɗaga hannu.

"Samari! Allah ya yi maka albarka!"

Mai Hoto ya ɗaga nasa hannun, ya ƙara sauri. Hankalinsa yana can kan abin da zai faɗa wa shugaba gobe.

Bayan 'yan watanni yarinyar ta zo shago. Ta riga ta ji labarin hoton aji, kamar kowa.

"Malam, na ce bari in zo in tambaya, ko Allah ya sa namu ni da Baba ya tsira."

"Ai duk tare suka tafi," in ji shi, yana goge wani gilashi da ba shi da datti.

Sai ta ce Baba ya rasu watan jiya, bai daɗe yana jinya ba. Ta ga yadda fuskar Mai Hoto ta canza, sai tausayinsa ya kama ta. Ita aka yi wa rashi, amma ita ta koma lallashi.

"Kada ka sa a ranka, Malam. Ai ba da gangan ka yi ba."

Yarinyar nan ita ce Farfesa.

Tun daga ranar kyamarar hagu ta hau saman kwaba, ba ta sake sauka ba. Mai Hoto ya koma ɗaukar kowa da fim na gaske, mai takalmi da mara takalmi. Maigidansa kuwa bai yi ƙarya ba, da yawa ba su dawo ba. Hotunansu suka taru a kwalaye, kwalaye suka cika shago, suka biyo shi gida, suka shige ƙarƙashin gado. Bai yarda a zubar da ko ɗaya ba. Matarsa, wadda ta yi haƙuri da shi har suka aurar da 'ya'ya, takan ce, "Malam, gidan nan fa mu 'yan haya ne. Mutanen kwali su ne masu gida." Jifa-jifa kuma sai ka ga mutum da furfura ya yi sallama yana tambayar wani tsohon hoto shi da mahaifiyarsa, Mai Hoto ya durƙusa ya jawo kwali ya nemo masa. Ranar da hakan ta faru yakan ci abinci da kyau. Amma washegari waccan maganar tana nan inda ya bar ta.

Sunan Farfesa yana ƙara tashi, shi yana ƙara sunkuyawa. In an sa ta a talabijin, sai ya tuna bai rufe famfo ba. In jami'a ta gayyace ta lacca, ciwon ciki yakan kwantar da shi tun da safe, ya warke daidai lokacin da motarta ta fita ƙofa. Sauran manyan ba sa damunsa. Minista in ya zo har rungume shi yake yi, ya yi masa gaisuwar da aka saba a gaban 'yan jarida, a kwashe da dariya. Dariyar ma daɗinta yake ji, don muddin ana yi masa dariyar mantuwa, ba wanda zai zarge shi da abin da ya fi mantuwa muni.

Ya yi ritaya, ƙafa ta fara ciwo, fim ya ɓace daga kasuwa, kowa ya koma ɗaukar kansa da waya. Ya ɗauka an gama. Sai wata safiya Magatakardan jami'a ya yi sallama har gida. Ya ce za a yi taron karrama fitattun tsofaffin ɗalibai, kuma Minista ya kawo shawara: a jera 'yan ajin nan a kan matakalar nan, Mai Hoto da hannunsa ya ɗauke su, a rufe ƙusar nan kowa ya huta.

"Duk za su zo?" in ji Mai Hoto.

"Duk wanda ke raye. Har Farfesa ta amsa, ita da ba ta da lokacin kanta."

Magatakarda yana fita, Mai Hoto ya dafe ciki. Matarsa tana shara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tun yanzu? Ai taron bai zo ba tukuna. Malam, cikin nan naka ya fi direban Farfesa sanin inda za ta. Shekara da shekaru ina kallonka na yi shiru. Me ka yi wa wannan baiwar Allah?"

Ya zauna a bakin gado, a kan mutanen kwali, ya faɗa mata duka, har da takalman roba, har da bakin ƙofa. Ta jingine tsintsiya. Ya yi zaton za ta ce abin ya wuce, Allah mai gafara ne. Abin da yake so ya ji ke nan.

"Ubana ma takalmin roba yake sawa," ta ce. Ta ɗauki tsintsiyarta. "Ni ba ni ka yi wa ba, kada ka sauke mini. Ka kai wa mai shi."

Ciwon ciki bai sake tasowa ba, ga alama shi ma ya ji tsoronta. Mai Hoto ya taka kujera ya sauko da kyamarar hagu, ya goge ta, ya ɗiga mata mai. Ya zagaye gari yana neman fim, 'yan shago suna kallonsa kamar ya tambayi ƙwan jimina, har ya samu a wurin wani tsohon abokin sana'a da ke ajiye shi a firiji tare da maganin ciwon sukarinsa. Ya sa fim ɗin, ya rufe, ya murɗa. Karon farko ke nan da kyamarar nan ta ji nauyin fim a cikinta.

Ranar taro ya yi sammako. Ma'aikata suna ta jera kujeru a waje, zauren kuwa ba kowa sai mace ɗaya tsaye gaban bango tana kallon ƙusa. Ta fi yadda take a talabijin gajarta, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ta juyo ta gane shi nan take.

"Mai Hoto! Kai ne ka tsufa haka? Duk zuwan da nake yi sai a ce ba ka da lafiya. Har na ce sai mun haɗa ka da likitan ajinmu."

"Ranki ya daɗe, lafiyata ƙalau. Ke nake gudu."

Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa, ta bari. Ya ɗago kyamarar.

"Kin san wannan?"

"Ba ita ce ta cinye mu ba?"

"Ita ce. Amma ba mantawa na yi ban sa mata fim ba. Dama ba a sa mata. Hoton ajinku kuskure ne. Naki da na Baba ba kuskure ba ne."

Ya yi mata bayanin dama da hagu, idonsa a kan tayil. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Da me ka gane ba za mu dawo ba?"

"Takalmansa na kalla."

"Shi ya ɗinke ɗayan da hannunsa da safiyar ranar. Kwat ɗin ta maƙwabcinmu ce. Na kuwa dawo."

"Kin dawo."

"Har haƙuri na ba ka."

"Kin ba ni, ranki ya daɗe. Na kuma karɓa. Akwai saura ma. Da yamma na gan ku a bakin ƙofa, da fim a wuyana, na wuce."

"Na tuna. Ya yi ta sa maka albarka har cikin mota. Da muka isa gida ya tara maƙwabta ya ce musu yau an ɗauke shi. Yana kwance ma ya tambaye ni ko hoton ya fito."

Mai Hoto ya dafa bango, daidai ƙarƙashin ƙusar. Daga waje motoci sun fara shigowa, ana jin muryar Minista tun kafin a buɗe masa ƙofa. Farfesa ba ta motsa ba.

"'Ya'yana suna tambayata kamanninsa," ta ce. "Hannuwansa ina ganinsu, muryarsa ina jinta. Fuskar ce take guduna." Ta juyo ta kalle shi. "Ni kyamara nake kallo, don ka ce kada in ƙifta. Kai ne kake kallonsa. Yaya ya tsaya?"

Wannan hoton ba sai ya jawo kwali ba. Ya rufe ido.

"A hannunki na dama ya tsaya, ya miƙe kamar soja. Ya riƙe takardar shaidarki da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ban gyara masa ba, don na san ba za ta fito ba. Yana da tabo a nan, gefen gira. Haƙorinsa ɗaya na sama ya guntule. Na ce Baba kalli nan, ya ce to. Na sake cewa, ya sake cewa to. Bai kalla ba. Tuntun hularki yake kallo, iska tana kaɗa shi. Da na haska, ke yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi magana ya fasa."

"Tabon nan sarƙar keke ce," in ji Farfesa a hankali. "Na manta da shi. Wallahi na manta da tabon nan."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta mayar da tabarau, ta koma Farfesa.

"Ba zan ce maka na yafe yau ba, Malam. In na faɗa yanzu, irin walƙiyarka ce, ba komai a ciki. Amma kafin in bar garin nan zan zo gidanka da 'ya'yana, ka faɗa musu abin da ka faɗa mini, da bakinka, har da takalman. Kuma kada in zo a ce mini kana ciwon ciki."

"Za ki same ni, ranki ya daɗe."

Aka jera su a kan matakala. Ajin da a da ya cika ta har ƙasa, yau ko rabinta bai rufe ba. Dogayen sun ranƙwafa, gajerun sun yi faɗi, wasu da sanda, likitan zuciya yana haki saboda hawa. Jami'a, da yake ta koyi darasi, ta jera masu kyamarorin zamani a bayan Mai Hoto saboda tsaro. Shi kuma bakinsa ya tuna aiki: ranka ya daɗe a gyara hula, ranki ya daɗe a daina dariya, a matsa a cike giɓi. Kowa ya matsa, sai Farfesa. Ta tsaya a ƙarshen layin gaba, ta bar wurin mutum ɗaya a hannunta na dama. Mai Hoto ya gani, bai ce a cike wannan ba.

Ya ɗaga kyamara ke nan, sai Minista daga layin baya, yatsunsa biyu a kan hular tsohon shugaban majalisa, ya ɗaga murya.

"Mai Hoto, tsaya tukuna! Akwai fim?"

Matakala ta ɗauki dariya, har masu gadi suna tafawa. Mai Hoto ya murɗa, ya ji fim ya ja. Ya sa ido a kyamara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layin gaba.

"Akwai, ranka ya daɗe," ya ce. "Mutanen ne ba su cika ba."